Geron da Baba Ya Shuka a Riyad

Mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Sulai, kuma ranar Juma'a duk muna gida. Wanda bai taɓa wuni da maza biyar a ɗaki ɗaya ba, ba zai gane dalilin da ya sa nake guduwa ba. Wannan yana wanki, wancan yana faɗa da matarsa a waya, wani ya ƙure muryar wa'azi shi kuma yana ta minshari. Ni na san halina, ina da saurin hawa. Don haka da an idar da sallar asuba sai in ɗauki makullin motar kayan da nake tuƙa wa ma'ajiyar da muke aiki, in yi kudu, in bar gari. A shekarun ne aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, amma mu Juma'ar kaɗai muke samu. Mudirinmu, wato manajan ma'ajiyar, ya san ina fita da motar, yana kawar da kai muddin ta dawo kafin azahar.

Can bayan gari akwai wani kwari da ruwa ke gudu duk shekara. Ba ruwan kirki ba ne, wanda gari ya yi amfani da shi ne aka tace aka saka, amma tsuntsaye ba ruwansu da wannan. Ina yaro a Kano da danƙo na san tsuntsu, na kashe kurciyoyin da Allah kaɗai ya san yawansu. Sai da na zo ƙasar yashi da siminti sannan na koyi in zauna in kalle su kawai.

Ƙarshen sanyi ya fi daɗi, wajen Fabrairu zuwa farkon Maris. Lokacin ne za ka tarar da zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, balbela na bin raƙuma, tsattsewa na zuba a saman ciyayi. Alhudahuda yana sauka kusa da kai ya buɗe tukkunsa ya rufe. Akwai wani ɗan tsuntsu fari da baƙi mai yawan kaɗa jela, har yau ban san sunansa da Hausa ba. Idan kuma an dace an yi ruwan sama, tudun da ke gefen kwarin sai ya fito da furanni. Wani Basudane mai kiwon raƙuma ne ya gaya mini sunayen biyu daga ciki: huzama, mai launin shuni da ƙamshin da ke kama riga, da hummaid, mai jan fure da tsamin yakuwa. Sauran ƙanana ne, farare da rawaya, sai ka durƙusa kake ganinsu da kyau. Shekara takwas ina kallonsu, na san ba sa wuce mako uku ko huɗu.

Baba shi ne mafi tsufa a ɗakinmu. Mutumin wani ƙauye ne a Zamfara, yana lodin kaya a ma'ajiyar, kuma kowa Baba yake ce masa, har mudiri. Kafilin da ya kawo shi, wato ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya ɓace da fasfonsa, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, don haka daga ɗaki sai wurin aiki sai masallacin layinmu. Ko kasuwar Batha ba ya zuwa, don tsoron a tare shi a hanya. Ni yake kira ɗan birni, wai ban san dawa daga masara ba sai a tukunya. Ba ƙarya ya yi ba.

A ƙasan akwatinsa akwai wani gwangwanin madara, a ciki akwai gero gauraye da toka. Mahaifinsa ne ya sa masa shi a jaka ranar da zai taho, ya ce in kewar gida ta dame shi ya dama kunu. Geron gidansu ne tun kakanni, gajere, mai saurin nuna, ba a sayar da irinsa a kasuwa. Bayan tahowarsa da shekara biyu 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, suka ƙone rumbuna, mahaifin ya rasu a hanyar gudu, sauran suka koma cikin gari suna raɓe a gidan dangi. Babu wanda ya fito da ko zangarniya ɗaya. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne ya rage a duniya.

Ya taɓa raba shi biyu ya aika da rabi ta hannun wani da zai koma gida. Saƙon ya isa lafiya, amma ya tarar da yara ba su ci komai ba tun jiya, kuma ba gonar da za a shuka. Matar Baba ta wanke tokar ta dama musu. Da yake ba ni labarin bai ga laifinta ba ko kaɗan, sai dai ya ce sauran ba zai ƙara barin hannunsa ba. Duk shekara yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ga nawa za su tsiro, kuma duk shekara raguwa suke.

"Iri shina tsufa kamar mutum," ya ce mini. "In ba a kai shi ƙasa ba ya haihu, wata rana toka kaɗai za ni buɗe in iske."

A shekarar da nake magana an yi ruwa sosai a ƙarshen Fabrairu, kwana biyu a jere, har titunan Sulai suka cika. Na ga Baba tsaye a ƙofa yana shaƙar iska, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce ya shirya ranar Juma'a in kai shi ya ga jeji, na san hanyar da ba a tare mutane. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya sa hularsa ya shigo mota.

Ban taɓa ganin tudun nan kamar ranar ba. Huzama ta rufe ko'ina, ƙamshi har cikin mota. Baba ya sauka, ya cire takalmansa, ya taka yashin da ƙafa. Ya gane tumfafiya ya yi mata sallama kamar 'yar garinsu. Ya tsinki hummaid ya tauna ya yamutsa fuska ya yi dariya. Na nuna masa alhudahuda, ya ce wannan ai tare suka yi makarantar allo. Da ya hangi shirwa tana shawagi, sai ya waiwaya ta bayansa, ya manta ba shi da 'yan tsaki a nan. Ni tsuntsaye nake kallo, shi kuwa ƙasa. Can na ga ya durƙusa ya tona rami da hannu, ya zura har gwiwar hannu, ya fito da yashi ya dunƙule, yashin ya kama.

"Ɗan birni," ya ce, "wagga laima ta kai. Shin damina ce ta hwaɗi haka?"

Na ce, "Ai Baba damina ta sauka. Ka ga abinka, sai noma."

Wasa nake yi. Ko kuma in faɗi gaskiya, shekara uku ina tare da mutumin nan ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar, kuma ban so in zama wanda zai rufe masa baki. Na san sarai cewa a nan ruwan ƙarshen sanyi shi ne na sallama, bayansa sai rana. A gida kuwa ruwan farko buɗe ƙofa ne, sauran na biye. Ban kawo a raina cewa Baba bai san wannan ba. Ina zai sani? Shekarunsa duk tsakanin bango huɗu ya yi su, yana jin ruwa a kan kwano bai taɓa ganin abin da yake yi wa jejin ba.

Cikin makon aka sake yayyafi. Da Juma'a ta zagayo, tun kafin in nemi makulli Baba yana bakin mota. Da muka isa na gangara bakin ruwa, don na ga wasu agwagin ruwa da ban gani ba a makon jiya, shi kuma ya ce zai hau tudu ya sha iska. Na fi awa ɗaya a zaune cikin ciyawa. Da na hauro sai na hango shi yana wata tafiya da na sani ko da ban taɓa yin ta ba: ya sara ƙasa da wani guntun ƙarfe, ya saki abu daga yatsunsa, ya rufe da diddige, ya ƙara taku. Na ruga. Gwangwanin yana gefe a kife.

"Baba, me ka yi? Ka rage wani abu?"

"Mi za ni ragewa? Tsohon iri ne, sai an cika mai hannu kowane rami."

"Duka?"

"Dut."

Sai na hau shi da faɗa. Na ce wane irin mutum ne zai zuba abin da ya rage masa a hamada bai tambayi kowa ba, na ce ko yaro ba zai yi haka ba. Na faɗi maganganun da bai kamata in faɗa wa sa'an mahaifina ba. Da kaina nake fushi, shi kuma yana kusa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Na tambaya. Kai na tambaya."

Na zauna a kan yashin na gaya masa gaskiya, cewa nan da wata guda ba fure ba ciyawa, ba kuma wani ruwa sai baɗi in Allah ya so. Na ce ko da a bakin ruwa ya shuka da sauƙi. Ya ce gero ba ya son fadama, jigawa yake so, shi ya sa ya zaɓi tudu. Gaskiyarsa ce, a Zamfara. Na ce mu tone mu kwashe. Ya dubi ramukan, talatin da wani abu, ƙwayoyi masu launin yashi a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya girgiza kai. Ya ce iri in ya ji laima ya riga ya tashi, ba ya komawa barci.

Ranar na yi masa alkawarin ruwa. Na tara jarkoki daga ma'ajiya, duk Juma'a mu cika su a kwari mu haura da su tudu a kafaɗa. Mako na farko muka tarar da tsiro a fiye da rabin ramukan, siraran koraye tsaye a tsakanin huzama. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cire ciyawa da yatsa, har furannin da nake zuwa kallo ya tuge waɗanda suka matsa kusa. Ya tara ƙaya ya kewaye wurin saboda raƙuma. Ya rage tsiron ya bar uku-uku. A hanyar dawowa yana ta lissafin yadda zai yi da zangarnun, wai zai rataye su a saman gadonsa, kuma ba wanda zai taɓa ko da mudiri ne. Na ji daɗi a makonnin nan, har na fara yaudarar kaina cewa wasana alheri ya zama.

Amma rana ta fara ɗagowa. Furannin farare suka fara tafiya, sannan huzama ta koma karmami. Ɗan tsuntsun nan mai kaɗa jela na neme shi wata Juma'a na rasa, agwagin ma suka tashi. Yashi ba ya riƙe ruwa mako guda, kafin Talata ganyen ya naɗe. Na koma satar hanya, in na sauke kaya da wuri sai in zarce kwarin ni kaɗai in yi jigila biyu uku in dawo. Mudiri ba wawa ba ne, ya duba lambar tafiyar motar ya kira ni. Bai yi faɗa ba, ya ce halas, wato shi ke nan, Juma'a kaɗai. Duk da haka na ci gaba da zuwa ranar Talata.

Tsakiyar Afrilu aka tura ni yankin Ƙasim da kaya, aka ce kwana uku. Da na isa aka riƙe ni ina rarraba kaya tsakanin garuruwa, kwana uku suka zama goma sha biyu. Na roƙi direbobi biyu a waya su kai Baba, ɗaya ya ce bai san wurin ba, ɗaya ya ce ba zai ɗauki marar iƙama ba don geron da ba zai cika kwano ba. Na zage shi, har yau ba ma gaisawa. Baba bai kira ni ko sau ɗaya ba. Abokan ɗaki suka ce mini kullum da yamma yana cika jarkokin a famfo ya jera su bakin ƙofa.

Da na dawo ban jira Juma'a ba. Tudun ya koma yadda Allah ya yi shi, fari fat, ko tsuntsu ɗaya ban gani ba sai kurciya a kan ƙaya tana haki. Geron ya kai gwiwa kafin ya mutu, ganyen yana karyewa a hannu. Baba ya bi layin yana taɓa kowane. A ƙarshe, inda inuwar wata bishiyar ƙaya ke faɗawa da rana, ya tarar da rami biyu da sauran kore a zuciyarsu. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Kawo ruwa tukuna."

Ya jiƙa su sosai, ya tono su da ƙasarsu, muka sa a bokitan fenti muka kawo Sulai. Ya ajiye su bayan ɗakinmu, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki inda ruwa ke ɗiga, ya yi musu rumfa da buhu. Bokiti ɗaya ya mutu cikin kwana huɗu. A ɗayan kara guda ya miƙe, ya yi sabon ganye, ya ci gaba da tsawo. Duk ɗakin ya koma gona. Mai kunna wa'azi yana leƙawa kafin ya tafi aiki, mai faɗa da matarsa ya nuna mata shi a waya. Ƙarshen Mayu ya fitar da kai, zangarniya guda ba ta fi tsawon tafin hannu ba, ta yi bununi. Gwarare suka gano ta, ni kuma na daina zuwa kwari, na koma zama bayan ɗaki ranar Juma'a da tsakuwa a hannu ina korar tsuntsaye.

A makon bununin ne aka yi wata iska mai zafi, irin wadda in ka buɗe ƙofar mota kamar ka leƙa tanda. Baba ya ƙara buhu, ya rataya jiƙaƙƙen zane. Ya daina magana a kan zangarniyar. Wani lokaci in gan shi ya matsa ta da yatsa biyu a hankali ya saki, in na tambaya sai ya ce a bari ta bushe a gani. Ina jin tun lokacin ya sani.

Wata Juma'a a ƙarshen Yuni, bayan an sauko daga masallaci, ya yanke ta da reza. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar ɗaki, mu biyar muka kewaye shi. Ya yi bisimilla, ya murza ta tsakanin tafukansa, ya buɗe, ya hura a hankali. Ƙaiƙayi ya tashi ya sauka a kan ƙyallen. Tafin hannunsa ba komai. Ya tattara ƙaiƙayin ya sake murzawa ya sake hurawa. Sannan ya bi shi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi. Ɗaya daga cikinmu ya tashi ya fita. Ni kuka na yi, ban ɓoye ba, kuma na ji haushin kaina da nake kuka a gaban wanda aka yi wa asarar.

Baba ya naɗe ƙyallen, ya ce in ara masa wayata, zai gaya wa yayansa, wanda shi ne babban gida yanzu. Na buga masa lambar na miƙa. Ɗakin ya yi tsit, muna jin muryar tsohon daga can. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Baba ya buɗe baki zai fara, sai yayan ya riga shi, muryarsa cike da murna. Ya ce dama yana neman yadda zai same shi. Wani bawan Allah ya ara musu gona a bakin gari, jigawa ce mai kyau, kuma shekaranjiya an kwana ana ruwa. Ya ce ya nemi duk wanda zai taho ya aiko da irin nan, ko bana ta wuce musu za su samu baɗi, gonar shekara uku aka ba su.

"To, Yaya," in ji Baba. "Awo. To."

Ya sauke wayar daga kunnensa ya riƙe ta a cinya, tsohon yana ta kiran sunansa. Sannan ya miƙo mini.

"Ɗan birni, ba ni iyawa. Kai ka hwaɗa mai."

Na karɓa. Na yi sallama, na ce ni abokin zaman ƙaninsa ne, ɗan Kano. Na tambaye shi ya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Daga nan na gaya masa komai, tun daga maganar da na yi a kan tudu, ban rage ba, ban kuma ɗora wa rana ko mudiri laifi ba.

Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa. Ya ce, "Yaro, shi ƙanen nawa, yana dai cin abinci?"